Haraji, Bulala da 'Yan Sawaba

A ƙasar Kano ta shekarun 1950, da zarar gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta fara hawa sikeli, kowane magidanci ya san abin da ke tafe. Lokacin haraji ya yi. Umarni yana saukowa ne daga sama: a yanka wa kowace gunduma abin da za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatansa, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa ya bi gida gida. Kuɗi kuma su hau ta hanyar da umarnin ya sauko, har su isa baitulmali, inda En'e za ta riƙe rabonta, gwamnatin Turawa ta ɗauki nata. A kan takarda tsari ne mai kyan gani. Ɓarnar tana wurin rabo. Jimilla ake ɗora wa gari, dagaci ne ke faɗin nawa wane zai biya, nawa wane zai biya. Surukinsa mai garken shanu yana iya tashi da abu kaɗan, wanda suka yi sa-in-sa da shi a kan iyakar gona ya tashi da ninki. Akwai waɗanda ake karɓar kuɗinsu ba a rubuta sunansu a littafi ba. Akwai matattu da ake ci gaba da karɓar harajinsu daga hannun magada.

Ba Bature ne ya ƙirƙiro haraji ba. Kuɗin ƙasa da jangali da zakka duk sun girme shi. Abin da ya yi bayan ya ci Kano a 1903 shi ne ya tattara su, ya ce da tsabar kuɗinsa za a biya, ba da dame ko wuri ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar samun wannan tsabar ta zama guda: ka shuka gyaɗa ka sayar wa kamfani a farashin da kamfani ya ga dama. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, rabin tubalinta tsoron mai unguwa ne. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Sai dai satar kuɗin haraji kaɗai ba za ta haifi jam'iyya ba. Abin da ya sa zaluncin En'e ya zama babu mafita shi ne komai a hannu ɗaya yake. En'e ce ke karɓar haraji, ita ke da 'yan doka, ita ke naɗa alƙali ta biya shi albashi, ita ke da gidan yari. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. In ka ɗaukaka ƙara, a ƙarshe gaban Sarki za ka gurfana, shi ne kuma ya naɗa hakimin da kake ƙara. Di'o yana zagayawa rangadi, gaskiya ne, amma ta bakin wa zai ji kukanka? Tafinta na fada ne, masaukinsa hakimi ne ya shirya, kajin da aka yanka masa ma daga gidajenku aka kamo su.

Baffana tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwar garinmu. Yana da wani gwangwanin taba da ya yi tsatsa, a ciki yake ninke takardun harajinsa na shekara da shekaru, ya ɗaure da zaren lilo. Ba ya tafiya ko'ina sai da ta bana a cikin naɗin hularsa, don ɗan doka yana iya tare ka a hanyar birni ya ce nuna. Wata shekara dagacinmu ya aiko a ce masa bai biya ba. Ya je ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takardata." Dagaci ya karɓa ya juya ta, shi da ba ya karatun boko, ya ce ta bara ce. Aka shanya Baffa a rana a ƙofar fada tun hantsi, fuska sama, an hana shi runtse ido, yara suna leƙe ta bayan danga. Sai bayan azahar kakata ta sayar da akuyarta ta kai kuɗin. Ya biya sau biyu ke nan. A makon ya yanki katin NEPU, kuma har ya mutu ban ji ya ambaci gurguzu ko jari-hujja ba. Abin da ya sani, akwai mutanen da in ka kai musu irin wannan labari za su zauna su rubuta shi, da sunan wanda ya yi da ranar da aka yi, su aika wa Di'o da Razdan, su kuma karanta shi a bainar jama'a a wurin lacca.

Ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Garin Kano. Mutum takwas ne: Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin, Musa Kaula, Abdulƙadir Ɗanjaji da Baballiya Manaja. Malam Aminu Kano ba ya cikin zaman, yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aiki ya dawo gida, a 1953 ya zama shugaba. Tushen tunanin kuwa ya girmi jam'iyyar. A Bauchi aka dasa shi tun farkon shekarun 1940, inda Malam Aminu ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa tara ma'aikata da malamai ana muhawara, har ta kai ana tambayar manya a kan idonsu da wane ma'auni ake yanka albashin sarki.

Abin lura, a cikin watan nan na Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya soki mulkin En'e, ya yi magana a kan cin hanci da yadda ba a jin ta bakin talaka, ya nemi a yi bincike a gyara. Ke nan ba 'yan NEPU kaɗai suka ga ɓarnar ba. Bambancin yana wurin ganewar ciwon. Su Ɓalewa suna ganin gida ne mai kyau da ya samu miyagun ma'aikata, a sauya su, a koya wa sauran lissafi da ladabi. Sanarwar manufofin NEPU kuwa cewa ta yi al'ummar ce ta rabu biyu, masu sarautar da ke riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, kuma bukatunsu ba sa haɗuwa. Talaka ba zai samu sa'ida ba sai ya karɓi ragamar mulkin da kansa. A ganina nan ne ƙarfin sukar tasu yake. Ba su taɓa raba sata da danniya ba. Dagaci yana cin harajin mutum sau biyu ne domin ya san babu inda za a kai shi. Bulala ce ke gadin satar, satar ce ke biyan mai bulala.

Masu faɗin haka ba baƙi ba ne. Malam Aminu ɗan gidan alƙalai ne, ya san abin da ke cikin littattafan fiƙihu, don haka da aka ce 'yan NEPU fitinannu ne masu saɓa wa shugabanni, da ayoyi da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu ya mayar da martani: wa ya halatta gaisuwa, wa ya halatta noman gandun hakimi kyauta, wa ya halatta ƙwace gadon marayu? Magoya bayansa teloli ne, mahauta, 'yan koli, masu rini, direbobi, malaman zaure, wato masu sana'ar da ba En'e ke ba su abinci ba. Ma'aikacin En'e in an gan shi a laccar NEPU, aikinsa ya tafi.

Martanin da aka mayar musu shi ya gaskata maganarsu. A zaɓen 1951, wanda ake yi hawa hawa, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e ikon cusa mutanenta, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi ko kujera ɗaya babu. Lacca ba ta yiwuwa sai da izinin En'e, En'e kuwa ta jam'iyyar NPC mai mulki ce. In an yi ba izini, ɗauri. In an yi da izini aka ambaci sunan sarki ba tare da "ran sarki ya daɗe" ba, a ce zagi ne, bulala da ɗauri. A Kano aka tayar da gungun 'yan daba da ake kira 'Yan Mahaukata, aikinsu tarwatsa taro da fasa kawuna. An kori mutane daga garuruwansu, an ƙwace gonaki, an matsa wa iyaye su raba auren 'ya'yansu da 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara 17, an ɗaure ta har sau 16 a rayuwarta, an yi mata duka, an aske mata kai, saboda tana shiga gidaje tana gaya wa matan kulle cewa su ma suna da bakin magana. Matan Arewa ba su samu jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Sunan Sawaba ya ƙetara iyaka. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ma Sawaba ake kiranta, ita ce ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, aka haramta ta a 1959. Da dama daga 'ya'yanta da suka gudo, a gidajen 'yan NEPU suka samu mafaka a Kano.

A zaɓen tarayya na 1959 NEPU ta samu ƙuri'u kusan rabin miliyan amma kujeru 8 kacal, NPC ta kwashi 134. Malam Aminu ya shiga majalisa a Legas daga Kano ta Gabas. Wanda ya auna jam'iyyar da kujeru zai ce ba ta yi komai ba. Amma a 1962 sai ga gwamnatin Sardauna da kanta ta naɗa Bature D.J.M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, wadda ta fi kowace arziki a Arewa amma ta kai ga biyan albashi yana gagararta. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare. Wasu tsofaffin 'yan NEPU sun yi murna, suna cewa yau ga gwamnati ta maimaita abin da aka ɗaure mu a kansa. Ni ban ga abin murna sosai ba. Kowa a Kano ya san akwai jiƙaƙƙa tsakanin Sarki da Firimiya Sardauna a kan wa ya fi wani, binciken ya zo ne a lokacin da Kaduna ke bukatarsa. Sarki ya tafi, 'yan doka da alƙalai da gidan yari suna nan a hannun En'e, ana ci gaba da ɗaure 'yan adawa har zaɓen 1964. Wannan ne karo na farko da muka ga abin da daga baya ya zama ruwan dare: mai mulki ya ɗauki zargin sata ya mayar da shi sandar dukan abokin hamayya, tsarin da ya haifi satar kuwa ko gezau.

Soja ne suka kwance hannun En'e, abin mamaki. Bayan 1966, a zamanin Gowon, wanda Malam Aminu ya yi wa kwamishinan sadarwa sannan na lafiya, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin gwamnati, aka haɗe 'yan doka da gidajen yari da na tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Haraji da jangali dai suka rage, har zuwa 1979, lokacin da PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu mai alamar mabuɗi, ta ci jihohi biyu, Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Suna hawa suka soke su. Ina kasuwa ranar da labarin ya bazu a garinmu. Wani bafulatani da ya zo sayar da bijimi ya sa aka maimaita masa har ya gamsu, sannan ya tambaya, "To yanzu in malamin jangali ya zo ruga, me zan ce masa?" Aka ce ba zai zo ba. Ya girgiza kai, bai yarda ba. Mutumin da ya taso yana kora rabin garkensa cikin daji da tsakar damina don kada a ƙirga, ba a rana ɗaya zai saki jiki ba.

Nasara ce ta gaske, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa ganin an shanya babansa ba. Amma a faɗi gaskiya, an iya soke haraji ne domin gwamnati ta daina dogara da shi. Kuɗin man fetur ne ke zuwa daga Legas kowane wata. Daga nan sata ta tashi daga ƙofar dagaci, inda talaka ke ganinta da idonsa, ya san nawa ne, ya san wa ya ci, ta koma cikin kwangila da lasisin shigo da kaya da asusun banki a Ingila. Manomi ya huta da mai unguwa, amma kuma ba ya jin cewa kuɗinsa ne ake ci. Bulalar ce kawai ba ta yi nisa ba. A Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda aka ƙwace wa gonaki don madatsar ruwan da kamfanin Impresit na Italiya ya gina, suka tare hanya suna neman diyya. Aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, suka ƙona ƙauyuka. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da malaman jami'ar Zariya suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

Malaman nan na Zariya, musamman Dakta Yusufu Bala Usman, su suka yi ƙoƙarin ɗaukar tsohuwar sukar NEPU su bi kuɗin zuwa sabon maɓoyarsu. Shi ma ɗan sarauta ne, jikan Sarkin Katsina Dikko, ya zama sakataren gwamnatin Balarabe. Salonsa shi ne kawo suna da lamba: wane kamfani, wa ke cikin daraktocinsa, nawa aka biya, me aka gina. Masu mulki suna iya jure a kira su azzalumai, ba sa jure a karanto lambar kwangila.

Abin bai daɗe ba. Jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar Kaduna, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe sau da dama, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. A Kano, Rimi ya buɗe makarantun yaƙi da jahilci, ya kafa jaridar Triumph, ya fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980 kafin tarayya ta bi sahu. Amma da gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, gari ya kama da wuta ranar 10 ga Yulin 1981. Aka ƙona gidan rediyo da ofisoshin gwamnati, aka kashe mai ba shi shawara kan siyasa, Dakta Bala Mohammed, a gidansa. A lokacin kuma jam'iyyar ta riga ta dare biyu, 'yan santsi na gwamnoni da 'yan taɓo na Malam, mutanen da suka sha ɗauri tare suna jifan juna da baƙaƙen maganganu a kan dandamali. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, bai bar komai ba sai gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

Akwai abin da 'yan gidanmu ba sa son a tuna. Sabo Bakin Zuwo, tsohon ɗan gwagwarmayar NEPU, ya ci gwamnan Kano a PRP a 1983, ya yi wata uku soja suka karɓe mulki, aka ba da sanarwar an samu tsabar kuɗi naira miliyan 3.4 a gidansa. Kotun soja ta ɗaure shi, ta ɗaure Rimi. Ko me mutum zai ce game da adalcin waɗannan kotuna, katin jam'iyyar talakawa bai zama riga-kafi ba. Balarabe ne ya fita da sunansa fes, ya koma gona, yana zaune a gidansa na Kaduna yana sukar kowace gwamnati har ya rasu a Nuwamban 2020.

Daga nan maganar cin hanci ta koma bakin soja, suka ɗauki rabinta suka yar da rabi. Nzeogwu a Janairun 1966 ya la'anci masu karɓar kashi 10 cikin 100. Murtala ya kori ma'aikata sama da 10,000 a 1975, mai laifi da marar laifi, ba tare da an saurare su ba. Janar Buhari ya zo ranar 31 ga Disamban 1983 da yaƙi da rashin ɗa'a, gwamnatinsa tana neman Umaru Dikko ruwa a jallo kan zargin badaƙalar shinkafa, har aka tsinci mutumin a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted a Yulin 1984. Gwamnatin nan ce kuma ta kafa doka ta 2, ta tsare mutum ba shari'a, da doka ta 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita. Talakawa da yawa, har da tsofaffin 'yan Sawaba, sun tafa. Ina jin ciwon da ya sa suka tafa, amma abin da aka ba su kishiyar abin da NEPU ta koyar ne. Ita cewa ta yi a ba talaka iko ya tuhumi mai mulki. Soja cewa suka yi talaka ya yi layi ya yi shiru, mai gaskiya guda zai kama masa ɓarayi. Har yau a nan siyasar Arewa ta maƙale, neman mutum ɗaya mai amana, alhali mai kama ɓarawo da mai naɗa alƙali da mai riƙe da baitulmali sun sake komawa hannu ɗaya, a gidan gwamna. Kuɗin ƙananan hukumomi 774 ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa gwamnoni su sakar musu abinsu.

Haraji kuma ya dawo ta ƙofar baya. Ɗan acaɓa da mai tireda suna yankar tikiti kala kala kowace safiya, rabi ba ya isa asusun kowa. A ƙaramar hukumar Maru, inda Malam Aminu ya ajiye alli ya shiga siyasa, da sauran sassan Zamfara, 'yan bindiga ne ke yanka wa gari jimilla kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi, masu gari su raba wa magidanta, kowa ya kawo nasa kafin wa'adi ya cika. Jam'iyyu suna zuwa yankin lokacin zaɓe da atamfa da taliya. Ban san wadda ke da ofishin da manomi zai shiga ya faɗi nawa aka karɓa a hannunsa, a rubuta da suna da rana, a karanta a gaban jama'a ba.